Yadda Na Amsa Sunan Ɗan Ƙetare

Ba zan faɗi sunana ba. Waɗanda suka san ni a Yamai a shekarun farko na samun mulkin kai yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, sauran kuwa ba sa buƙatar a tuna musu. Da ku samari nake magana, musamman waɗanda Allah ya hore wa iya rubutu da iya tsara zance, domin irinku ne ni a da.

Mahaifina tela ne a wani ƙaramin gari gabas da Birnin Ƙwanni. Mutum ne mai tsoron Allah, ko ƙyallen da ya rage a ɗinkin wani ba ya riƙewa. Ya sa ni makarantar allo, daga baya da aka zo ɗibar yara zuwa lakwal, wato makarantar boko, aka haɗa da ni. Na fito da rubutu iri biyu, ajami da boko, ga ɗan Faransanci daidai gwargwado. Amma abin da na fi ƙwarewa a kai ba wanda ya koya mini shi, wato kwaikwayon rubutun mutane. In na ƙura wa rubutun mutum ido na ɗan lokaci, zan yi maka irinsa har mai shi ya rantse nasa ne. A lakwal nakan gyara wa abokaina maki da jan alƙalami, da hannun mushe, wato malaminmu, su kuma su saya mini ƙosai. Ba a taɓa kama ni ba. Na ɗauka wayo ne.

Bayan an sauke tutar Faransa na hau mota na zo Yamai neman aiki. Ban samu ba, sai na kafa ɗan tebur a ƙofar fosta, wato gidan waya, ina rubuta wa mutane wasiƙa: ƴan dako, matan sojoji, tsofaffin da ƴaƴansu suka tafi cin rani bakin teku. A nan ma hannuna bai tsaya ba. In tsohuwa ta ce a rubuta wa ɗanta ya aiko mata da saƙo, sai in ƙara layi guda cewa ya aiko ta hannun mai rubutu. Wani saƙon in kai, wani in riƙe. Duk lokacin da zuciyata ta tuhume ni sai in ce mata ai kaɗan ne.

A ƙofar fostar nan Mushe Idi ya gan ni. Tsohon malamin lakwal ne, dogo siriri mai tabarau, ya bar koyarwa ya buɗe ɗan gidan buga takardu a bayan babbar kasuwa. Rasit na ƴan kasuwa yake bugawa, da ƙananan littattafan koyon karatu na manya. Ya tsaya a kaina yana kallon yadda nake rubutu, sannan ya tambaye ni ko na iya ajami. Na ce na iya. Ya ce, "To kai nake nema. Malamai suna kawo mini rubutunsu, ni kuwa lakwal ta ɗauke ni tun ina ƙarami, ajami ya fi ƙarfina. Za ka riƙa mayar mini da shi boko."

Mu uku ne a wurin: shi, da ni, da Malam Hamidu mai jera haruffan dalma. Malam Hamidu mutumin Lamorde ne a ƙetaren gulbi. Lokacin ba a yi gada ba, kullum da jirgi yake hayowa da safe ya koma da yamma. Ya girme ni nesa, ba shi da yawan magana, Hausarsa ta kasuwa ce mai ɗanɗanon Fillanci, kuma ƙanena yake ce mini. Akwai daminar da zazzaɓi ya kayar da ni a ɗakin haya ba ni da kowa. Shi ya ɗauke ni ya sa a jirgi ya kai ni gidansa, matarsa Fati ta yi ta dama mini kunu har na miƙe. Ku riƙe wannan, domin ku san irin mutumin da na cuta.

Wata rana Mushe Idi ya dawo daga fosta da wani ƙunshin takardu mai kauri, ya ajiye a gabana. Rubutun ajami ne mai kyau, siriri, ya ɗan karkata hagu. Babu suna, babu adireshi, sai a ƙarshe an sa "Ɗan Ƙetare". Labari ne na wani gardi, wato dogarin Turawa, da ya yi ta dukan talakawa a zamanin aikin tilas, da Turawa suka tafi sai ya canza riga ya zama babba a gari, mutanen da ya daka suna gaishe shi suna sunkuyawa. Na fara karantawa don aiki, ban farga ba sai da aka kira la'asar, azahar ta wuce ni. Na mayar da shi boko, Malam Hamidu ya jera, aka buga.

Littafin ya karɓu fiye da yadda kowa ya zata. Aka riƙa karanta shi a rediyo kashi-kashi. A rumfar teloli da nake zuwa hira, in an zo wurin da gardin yake jin kunya sai a tsayar da kekuna a saurara. Tambaya ɗaya ce a bakin kowa: wane ne Ɗan Ƙetare? Wasu suka ce wani malami ne a Say, wasu suka ce wani babban ma'aikaci ne da ke tsoron kujerarsa.

Ranar da abin ya fara, wani tela ya juyo ya ce mini, "Kai da kake aiki a wurin, ba ka san shi ba?" Murmushi kawai na yi, na sunkuyar da kai. Ya ƙura mini ido ya ce, "Kai! Kada dai kai ne?" Na ce, "Ni dai ban ce ba." Aka yi shewa, aka saya mini shayi. Wannan murmushin shi ne mafarin duk abin da ya biyo baya, kuma ban shirya shi ba, daɗin kallon da suka yi mini ne kawai na ji.

Zance ya zaga kasuwa. Ba a jima ba wani ma'aikacin rediyo ya zo har wurin aikinmu ya ce an gaya masa marubucin yana nan. Mushe Idi yana zaune, Malam Hamidu yana tsaye gaban akwatin haruffa. Da na ce kuskure ne, da an yi dariya an wuce. Sai na ji bakina ya ce, "Ni ne." Na ce kunya ce ta sa na aika wa kaina ta fosta. Don in kawar da shakka na jawo takarda na rubuta layin farko na littafin da wannan siririn rubutu mai karkata hagu, na ajiye kusa da na asali. Ba mai iya bambancewa.

Mushe Idi ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya ce, "Ashe? To madalla. Muna zaune da marubuci ba mu sani ba." Malam Hamidu ya dube ni sau ɗaya, ya koma kan haruffansa.

Daga nan duniya ta buɗe mini. Aka kira ni rediyo na yi magana. Aka riƙa ba ni kujerar gaba a taro. Wani babba a ma'aikatar ilimi ya ce in ɗan jira, akwai biro, wato ofis, da za a ba ni. Mahaifina ya ji muryata a rediyon mai gari, ya aiko da wani direba ya ce mini ya sa mini albarka, ya ce ko yau ya mutu ya gode Allah. Na yi kwanaki ina jiran mai littafin ya fito ya ƙaryata ni. Da na ji shiru sai na ce wa kaina ko dai ya mutu ne, ko matsoraci ne. Na saki jiki.

Sai mutane suka fara neman na biyu. Mushe Idi ma kullum sai ya tambaya, "Marubuci, ina ci gaban? Ƴan kasuwa sun dame ni." Na sayi takarda da tawada na zauna. Hannun yana nan, rubutun yana fita sak, amma abin da zan sa a ciki babu. In na rubuta shafi na karanta sai in ji kamar wasiƙar ƙofar fosta. Na yi ta yagewa.

Wata safiya Mushe Idi ya shigo da ƙunshi ya ajiye a gabana yana dariya. Ya ce, "Har yanzu kunyar ba ta sake ka ba? Ga shi ka sake aika wa kanka." Na buɗe. Rubutun nan ne, siriri mai karkata hagu. Babin farko ne na littafi na biyu. Amma ba labarin gardi ba ne. Labarin wani saurayi ne ɗan tela da ya zo birni ya kafa tebur a ƙofar fosta, yana cin saƙon tsofaffi, har ya samu aiki a gidan buga littattafai, ya ce shi ya rubuta abin da bai rubuta ba.

Ba ni da mafita. In na ce ba nawa ba ne, na tona kaina. Haka na zauna na mayar da labarin cin amanata boko da hannuna, na miƙa wa Mushe Idi a matsayin aikina. Ya karanta yana gyaɗa kai, ya ce, "Wannan ya fi na farko. Ina ka samo wannan yaron? Kamar in taɓa shi." Ya ce za a tara babobin, in sun cika a buga gaba ɗaya.

Babobin suka ci gaba da zuwa, ba su da ƙayyadadden lokaci. Kowane ya fi na baya kusanto ni. An rubuta yadda saurayin yake yage takardu yana cusa su a aljihu don kada a gani a kwandon shara. An rubuta sabuwar rigar da ya ɗinka, da yadda ya daina zuwa rumfar teloli don tsoron a ce ya ba da labari da ka. Na canza ɗakin haya, babi na gaba ya ce saurayin ya canza ɗaki. Wani babin ya ƙare da tambaya: wa zai fara zarga?

Na zargi kowa. Na zargi mai shayin da nake karyawa wurinsa, na daina zuwa. Na zargi mai gidan haya, na zargi mutumin rediyo. Na yi ta laɓewa kusa da fosta ina kallon masu jefa wasiƙa, ina duba yatsunsu ko akwai tawada. Tambarin da ke jikin ƙunshin na Yamai ne, wato mutumin yana cikin gari, watakila ma ya gaishe ni yau. In mutum ya yi mini fara'a sai in ce ya sani. In ya ɗaure fuska sai in ce shi ne. Abinci ya daina shiga, na rame har wandona yana zamewa. Mushe Idi kaɗai ban zarga ba, domin sau da yawa na ga ya riƙe takardar ajami a juye, sai na gyara masa.

Sai wani babi ya zo da labarin jan alƙalami, yadda saurayin yake gyara wa abokansa maki a lakwal ana biyansa da ƙosai. Ba wanda na taɓa gaya wa wannan a Yamai. Na yi ta tunani har na tuna. Lokacin da nake kwance a Lamorde, Fati ta taɓa tsokanata cewa zazzaɓi ya sa na yi ta sambatu a kan mushe da jan alƙalami. Gidan Malam Hamidu ke nan. Ga shi ya iya ajami, yakan rubuta ƴan baitoci a gefen takarda. Ga shi daga ƙetare yake zuwa kullum. Na ce wa kaina, sunan ma ai ya faɗa, ni ne ban gani ba. Rubutunsa bai yi kama da na ƙunshin ba, nasa mai kauri ne, amma ni na fi kowa sanin ana iya canza hannu.

Da aka tashi aiki na bi shi har bakin gulbi. Yana jiran jirgi ya cika, mata suna loda ƙwarya da buhunan gawayi. Na ce, "Malam, me na yi maka?"

Ya ce, "Kamar yaya, ƙanena?"

Na ce, "Kai kake aiko da takardun nan. Faɗi abin da kake so."

Ya ce, "Wallahi ban san mai aiko su ba. Amma ina jera haruffan, ina kuma ganin yadda kake ramewa. In akwai abin da ya tsaya maka a rai, ka faɗe shi da bakinka ka huta, tun kafin wani ya faɗa maka."

Nasiha ya yi mini. Ni kuwa barazana na ji. Na tsaya ina kallon jirgin yana ƙetarawa da shi, a raina ina cewa dole ɗayanmu ya bar garin nan.

A lokacin ƙasa ba ta zauna ba. Ana farautar mutanen wata jam'iyya da aka haramta, takarda guda tana iya sa a ɗauke mutum ba a ƙara jin labarinsa ba sai bayan watanni. Na san haka sarai. Na tsinci ƴan takardun da Malam Hamidu yake rubuta baitocinsa, na kai ɗaki na yi ta gwaji har hannuna ya zama nasa. Na rubuta wasiƙa da sunansa zuwa ga wasu a hayin iyaka, cewa yana buga musu takardun tayar da hankali a ɓoye, kuma jirgin da yake shiga yana iya ɗaukar kaya. Na cusa ta ƙarƙashin akwatin haruffansa. Sannan na jefa wata takarda marar suna a komisariya, wato ofishin ƴan sanda, na faɗi inda za a duba.

Da hantsi ƴan sanda suka zo. Kai tsaye suka nufi akwatin. Malam Hamidu yana tsaye hannuwansa baƙi ƙirin da tawada, aka nuna masa wasiƙar. Ya duba ya ce, "Rubutuna ne, amma ban rubuta ba." Ɗan sandan ya yi dariya ya sa masa ankwa. Da za a fita da shi ya juyo wurina, ba wurin Mushe Idi ba, ya ce, "Ƙanena, don Allah ka haye ka gaya wa Fati inda nake." Na ce to. Ban haye ba. Na kasa tunanin yadda zan kalli matar.

Aka rufe wurin aikin na ɗan lokaci, aka yi wa Mushe Idi tambayoyi aka sake shi. Muka koma aiki mu biyu. Ba ƙunshin da ya zo. Na fara cin abinci, na fara barci, har na ce wa kaina ai da ma shi ya jawo.

Sai ga Mushe Idi wata safiya da ƙunshi a hammata. Ya ajiye a gabana, ya koma kujerarsa ya buɗe jarida. Na karanta. Saurayin ya zargi abokin aikinsa wanda ya yi jinyarsa, ya kwaikwayi rubutunsa, ya sa aka kama shi. Malam Hamidu yana tsare, ba takarda ba alƙalami, ga kuma babi ya zo. Wannan babin ban mayar da shi boko ba, na ƙone shi. Mushe Idi ya tambaye ni sau biyu ina babin, na ce bai yi kyau ba ina gyarawa. Ya ce, "To, a gyara."

Ko a lokacin ƙofa tana buɗe. Da na tafi komisariya da ƙafata na faɗi gaskiya, da an rage wa bawan Allah nan wahala. Na yi ta cewa gobe. Makonni suka wuce ina cewa gobe.

Ƴan sandan su suka zo mini. Ashe an aika musu da irin wannan babin, an ƙara da cewa a binciki ɗakin marubucin. A ƙarƙashin tabarmata suka samu takardun da na yi gwaji a kansu, sunan Malam Hamidu an rubuta shi ya fi a ƙirga, daga marar kama har zuwa mai kama sak. Na ƙone babin wani, amma na manta da nawa. Babban komisariyar ya baza su a tebur ya ce, "Kai ne Ɗan Ƙetare?" Na ce a'a. Wannan ce gaskiya ta farko da na faɗa cikin dogon lokaci. Daga nan sauran suka biyo, har da saƙonnin tsofaffin ƙofar fosta. Alƙali ya yanke mini shekaru a kaso. Aka saki Malam Hamidu, amma an riga an karya masa yatsun hannun dama wajen tambaya, kunnensa ɗaya kuma ya daina ji.

Ina cikin watannin farko gardin kaso ya kira ni ya ce ina da baƙo. Mushe Idi ne, da goro a ƙunshe. Muka zauna a ƙasa a inuwar katanga. Ya yi ta yi mini tambayoyi a hankali: me nake ci, me nake tunani in an kulle ƙofa, ko ina mafarkin Hamidu. Na lura yadda yake sauraro, kansa a karkace, kamar mai auna kowace kalma. Sai ya tsinci ɗan tsinke ya yi rubutu a ƙasa tsakanin ƙafafunmu. Ajami ne, siriri, mai karkata hagu. Ya rubuta "Ɗan Ƙetare", ya sa tafin hannu ya share.

Na ce, "Mushe, ka ce ba ka iya ba."

Ya ce, "Kakana limami ne. Kafin in san lakwal na san allo."

Na ce, "Me ya sa ba ka ƙaryata ni tun ranar farko ba?"

Ya ce, "Gardin da ke cikin littafin yana da rai, kuma yana da ƙarfi a garin nan. Tsoro ya sa na ɓoye. Da ka ce kai ne, sai na ce a raina, to in an zo kama marubuci ga wanda ya miƙa kansa. Ba a zo kamawa ba. Kujera aka ba ka, ina kallo." Ya ce labarin jan alƙalami kuwa Hamidu ne ya ba shi da dariya, ba da wata manufa ba, tun lokacin da nake jinya.

Na ce, "Malam Hamidu fa? Tun ranar da aka kama shi ka san ba shi da laifi, ka san ni ne."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Na so in ga ko za ka je da kanka. Na so in san yadda saurayin zai yi. Na jira fiye da yadda ya kamata." Sannan ya ɗago ya ce, "Saura babi ɗaya. Gaya mini, ranar da suka ɗaga tabarmar, me ka ji?"

Na miƙe na ce wa gardi ya mayar da ni ciki. Ban sake ganinsa ba. Na ji an buga littafin daga baya ba tare da sunan kowa ba, ban karanta ba, ba kuma zan karanta ba. Ban kawo maganarsa don in rage laifina ba. Shi ya ajiye takarda a gabana, amma wasiƙar da ta karya yatsun Malam Hamidu ni na rubuta ta, ba wanda ya riƙe mini hannu.

Kaso wuri ne da mutum ba ya iya guje wa kansa. Mun fasa dutse, mun share tituna, mutanen da suka taɓa tashi su ba ni kujera suna wucewa suna kau da kai. Ina ciki mahaifina ya rasu. Direban da ya taɓa kawo mini albarkarsa shi ya kawo mini labarin, ya ce tun da tsohon ya ji abin da na yi bai ƙara zama a ƙofar shago ba, ciki ya koma da kekensa. Wani dattijo da muke ɗaki ɗaya, wanda rikicin gona ya kawo shi, shi ya mayar da ni kan salla. Ya ce mini tuba tsakanina da Allah abu ne mai sauƙi, mai wuyar shi ne zuwa gaban wanda na cuta.

Ranar da aka sake ni ban nemi masauki ba, bakin gulbi na nufa na shiga jirgi. Na samu Malam Hamidu a ɗan lambunsa yana ban ruwa da hannun hagu, na daman a lanƙwashe a ƙirjinsa. Ya tsufa ƙwarai. Na yi sallama bai ji ba, sai da na zagayo ta ɗaya gefen. Na durƙusa na faɗi duk abin da na zo da shi. Ya saurara har na gama, ya ajiye bokitin.

Ya ce, "Wasiƙar na yafe tun ina ciki. Tsoro ne ya kama ka, na ga yadda tsoro yake mayar da mutum. Abu ɗaya nake so in tambaye ka. Na roƙe ka ka haye ka gaya wa Fati, ka ce to. Me ya hana ka?"



Ya ci gaba ya ce, "Ba wanda ya gaya mata. Ta zaci ruwa ne ya ci ni. Kwana da kwanaki tana bin masunta bakin gulbi da ciki a gabanta, ana neman gawata. A nan cikin ya zube." Ya ɗauki bokitinsa. Ya ce, "Na yafe maka wannan ma, don ina so Allah ya yafe mini. Amma ita ban san zuciyarta ba, kuma ba zan tambaye ta ba. Ka koma tun jirgi bai tashi ba, kada ta fito ta gan ka."

Na koma. Na bar Yamai a makon, na koma garinmu na buɗe shagon mahaifina na koyi ɗinki da girmana. A kansa na tsufa.

Samari, abin da zan ce muku kaɗan ne. In an yaba muku a kan abin da ba ku yi ba, ku ce ba ni ba ne tun a wurin, tun abin yana na dariya. In kun riga kun yi ƙaryar, ku warware ta da bakinku, kunyar yini ɗaya ce. Mai ɓoye abu ba ya ganin mutane yadda suke, kowa maƙiyi yake zame masa, kuma wanda ya fi kusa da shi, wanda ya fi ƙaunarsa, shi yake fara sara. Ni an yafe mini, na yi zaman kasona na gama, amma har yau akwai wata mata a Lamorde da ban isa in tsaya a gabanta ba.